Darasi Daga Hanyar Bilma: Ruwa, Madugu Da Haƙƙin Baƙo A Cikin Sahara



Ya 'yan'uwa masu karatu, da yawanmu mun karanta babin taimama da babin sallar matafiyi muna zaune a zauren malam, randa cike da ruwan sanyi tana gefe, buta kuma tana bakin ƙofa. Mun haddace hukunce-hukuncen, an tambaye mu mun amsa daidai, amma a zuci muna ɗaukar su kamar maganin da aka ajiye saboda cutar da ba za ta zo ba. To, darasinmu na wannan fitowa zai ɗauki waɗannan babuka ne ya kai su inda suke aiki kowace rana, wato garin Bilma, ko Balma kamar yadda kakanninmu suke faɗi, garin da gishirinsa ya daɗe yana shiga miyar Bahaushe da bakin dabbarsa. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi nauyi. Hanyar da ke ratsa ƙasar Bilma ita ce hanyar da 'ya'yanmu da ƙannenmu suke bi a bayan mota zuwa Libiya neman kuɗi, kuma wasunsu har yau ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Inda garin yake

Bilma tana cikin jihar Agadas a Jamhuriyar Nijar, kusan kilomita 600 gabas da birnin Agadas, an ɗan karkata arewa. Akwai wani dogon tsauni da ya miƙe daga arewa zuwa kudu, kimanin kilomita 150, wanda yake tare iskar da ke kwaso rairayi daga gabas. A gindinsa ta yamma ruwa yana kusa da doron ƙasa, saboda haka dabino ya tsiro, mutane suka zauna. Wannan jerin dausayi shi ake kira Kawar: Sigidin daga arewa, sai Anai, sai Dirku, sai Shimidur, Bilma kuma ita ce ta ƙarshe daga kudu. Mazaunanta Barebari ne da Tubawa, kuma a ƙidayar 2012 mutanen garin ba su wuce dubu huɗu da 'yan kai ba. Yamma da ita hamadar Tenere ce. Kudu da ita kuwa manyan tuddan rairayi ne, ɗaya bayan ɗaya, har a kai Agadam a gangara Gigimi kusa da Tafkin Cadi.

Ruwan sama baƙo ne a nan. Abin da ke sauka a shekara bai kai milimita 20 ba, wata shekarar ma ko ɗigo. An auna zafin da ya wuce digiri 48 a watan Yunin 2010, an kuma auna sanyin da ya yi ƙasa da sifiri a watan Janairun 1995. Abin mamaki shi ne, ruwan saman da manomin Katsina ko Maraɗi yake roƙo da kuka, mutumin Bilma tsoronsa yake yi, domin tsofaffin gidajen garin da ƙasa mai gishiri aka gina su. A watan Agustan 2006 ruwa mai ƙarfi ya sauka, gidaje masu yawa suka narke suka zube. Wannan shi ne abu na farko da baƙo zai koya: abin da yake ni'ima a garinsu yana iya zama jarrabawa a garin wani.

Waɗanda suka riga mu bin hanyar

Kada mai karatu ya ɗauka Bilma wani lungu ne da duniya ta manta. Fiye da shekara dubu tana kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da suka haɗa bakin Bahar Rum da ƙasashenmu: daga Tarabulus zuwa Murzuƙ a ƙasar Fazzan, daga nan zuwa Gatrun da Tummo, a shigo Kawar, a wuce Borno. Malamin tarihin nan na Masar, Ibn Abdil Hakam, ya ruwaito cewa Uƙba ɗan Nafi'u, Allah Ya yi masa rahama, ya iso Kawar da rundunarsa a shekara ta 46 bayan Hijira, wato wajen 666 Miladiyya, shekaru kaɗan kafin ya kafa birnin Ƙairawan. A cikin ruwayar akwai wani abu da ya kamata mu tsaya a kansa. Da Uƙba ya nemi labarin abin da ke gaba da Kawar, bai sami wanda ya san hanya ba, sai ya juya. Mutumin da daga baya ya ratsa Magrib har ya kai bakin teku, rashin jagora ya mayar da shi daga nan. Ba wanda ya taɓa kiran wannan juyawa ragwanci ko raunin tawakkali.

A ƙarni na 12 Idrisi ya ambaci garuruwan Kawar da alif ɗin da ake haƙowa a can ana kaiwa Masar da Magrib. Sarakunan Kanem, musamman Mai Dunama Dabalemi a ƙarni na 13, sun riƙe hanyar har Fazzan, Mai Idris Alauma na Borno kuma ya taka Kawar da kansa a ƙarni na 16 don ya tsare ta. Daga tsakiyar ƙarni na 18 cinikin gishirin ya koma hannun Abzinawa. 'Yan Sanusiyya sun kafa zawiyarsu a Shimidur a cikin ƙarni na 19, sojojin Faransa kuma suka zauna Bilma a 1906.

Har da ɗanmu Bahaushe a cikin waɗanda suka bar labarin hanyar. Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram wanda aka kama aka sayar, daga baya aka 'yanta shi, ya bi Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, suka ratsa Bilma a 1855 zuwa Murzuƙ da Tarabulus har Ingila. Labarinsa da ya bayar da Hausa an buga shi a littafin Magana Hausa a 1885. Ambaton Dorugu yana tilasta mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Hanyar nan ba littattafai da alhazai kaɗai ta ɗauka ba. Ta ɗauki bayi masu yawan gaske daga Borno da ƙasar Hausa zuwa kasuwannin Fazzan da Tarabulus, kuma Turawan Ingila da suka bi ta a ƙarshen 1822 da farkon 1823, su Denham da Clapperton, sun tarar da ƙasusuwan mutane zube a bakin rijiyoyi. Waɗanda suka kora su Musulmi ne, suna salla, suna azumi. Wannan tabo ne a tarihinmu, rufe shi kuwa ba zai warkar da shi ba.

Yadda ayari yake tafiya

Bari mu ɗauka mai karatu ya samu shiga ayarin gishiri a matsayin baƙo. Masana da dama na ganin ita kanta kalmar "ayari" daga sunan ƙasar Ayar ta fito, wato Abzin. Su kuma Abzinawa da kalmarmu ta "madugu" suke kiran shugaban tafiyar. Ayari yakan tashi ne a watan Oktoba ko Nuwamba, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina, zafi kuma ya fara sauka. A 1906 an ƙiyasta ayarin shekarar da raƙuma dubu ashirin. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe raƙuma da yawa, manyan motoci kuma sun karɓe kaso mai tsoka na dakon, saboda haka ayarin da ya rage ƙanana ne. Amma tsarin bai canja ba.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne tsawon shiri. Makonni ake yi ana yankan ciyawa a gefen duwatsun Abzin ana ɗaure ta dami-dami, domin a cikin Tenere babu abin da raƙumi zai kai baki. Ana tufka igiya, ana duba kowace salka ana shafe ta, ana tara itacen girki, ana daka gero da cuku da dabino wanda za a riƙa damawa da ruwa kamar fura. Idan an shiga hamada ana ajiye wasu dammunan ciyawar a zango-zango saboda dawowa. Dubi wannan da kyau, ya ɗan'uwa: mutum bai isa inda za shi ba, amma ya riga ya lissafa abin da dabbarsa za ta ci ranar komowa. Ciyawar kuwa tana nan a fili, ba mai gadi, kuma al'adar hamada ta hana wani ya taɓa ajiyar wani, domin kowa ya san wanda ya ɗauke ta ya kashe mai ita ne.

Alamar ƙarshe kafin a faɗa rairayi ita ce rijiyar Icen Tenere. A da akwai wata bishiya guda ɗaya tilo a wurin, babu wata kusa da ita tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, kuma duk tsananin buƙatar itace ba wanda yake karya reshenta. Ta tsira daga gatarin matafiya da bakin raƙuma tsawon zamani, sai a 1973 wata babbar mota ta banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a madadinta.

Daga nan tafiya ce ta kwana da kwanaki zuwa Fashi, wadda Barebari ke kira Agram, sa'an nan wasu kwanaki uku ko huɗu zuwa Bilma. Ayari ba ya tsayawa da rana. Tun da safe ake ɗaura kaya, a jera raƙuma akala bayan akala, a yi ta tafiya har dare ya raba, domin raƙumin da aka tsayar da kaya a kansa wahala yake sha, kowace sa'a da aka ɓata kuma ruwan salka take ci. A tafe ake dama furar, a tafe ake dafa shayi a miƙa wa na kan raƙumi. Madugu yana gaba. Da rana yana duban inuwa da yadda iska ta kwantar da tuddan rairayi, da dare yana duban taurari. Idan ya kauce kaɗan tun da safe, kafin kwana uku ayari ya wuce Fashi ba tare da ya hango ta ba, bayanta kuwa babu ruwa kusa. Shi ya sa ba a jayayya da shi a kan hanya. Sunna ta koyar da cewa matafiya ko su uku ne su shugabantar da ɗaya. A cikin Tenere mutum yake gane cewa wannan umurni na tsaron rai ne. Baƙo kuwa, kamar yadda Hausawa suka ce, makaho ne ko da yana da ido. Iliminsa na gida, da kuɗinsa, da muƙaminsa, duk ba su nuna masa gabas.

Hukuncin da hanya take tambaya

Littattafan da muke karantawa a zaure, su ma matafiya ne. Risala a Ƙairawan aka wallafa ta, mai ita Ibn Abi Zaid ya rasu a 386 bayan Hijira; Mukhtasar na Shaihu Khalil daga Masar ya fito; a bayan raƙuma suka ƙetaro hamada suka iso mana. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga sun san ƙishirwa.

Ƙasaru dai a mazhabar Imamu Malik sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya nufi tafiyar mil 48, wato kimanin kilomita 80, kuma yana farawa ne idan ya wuce gidajen garinsu. Mai zuwa Bilma ya ninka wannan sau bakwai. An kuma yi masa rangwamen haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Lisha. Nafila yana iya yin ta a kan raƙuminsa duk inda ya fuskanta, amma farilla sai ya sauka, in ba da wani uzuri mai ƙarfi ba kamar tsoro ko ciwo. Don haka mutum yakan sauka ya yi sallarsa ayari na tafiya, sa'an nan ya bi sawu ya cim masa. Idan ya isa Bilma ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ƙasaru ta yanke, sai ya cika. Akwai kuma wani sharaɗi da samarinmu ba su cika son ji ba: malaman mazhaba sun ce wanda tafiyarsa ita kanta saɓo ce ba shi da wannan rangwame, kuma cikin misalan da suka bayar akwai ɗan fashi da mai saɓa wa iyayensa. Yaron da ya sayar da akuyar uwarsa ya sulale da dare alhali ta hana shi, ya kamata ya san a wane layi malamai suka sa shi.

Babin ruwa shi ne zuciyar darasin. Mutum yana da ruwa a salka, lokacin salla ya yi, amma yana tsoron in ya yi alwala ƙishirwa za ta kama shi a gaba: hukuncinsa taimama. Ba tsoron kansa kaɗai ba; ko abokin tafiyarsa yake ji wa tsoro, ko raƙuminsa, hukuncin ɗaya ne. Wanda ya zubar da ruwan sha a alwala a tsakiyar Tenere yana ganin tsentseni ya yi, haƙiƙa bai fahimci shari'a ba, domin ita ta gabatar da ran raƙumi a kan alwalarsa. Game da lokaci kuwa, wanda ya yanke ƙaunar samun ruwa ya yi taimama a farkon lokaci, wanda yake kyautata zaton isa rijiya ya jinkirta zuwa ƙarshensa, mai kokwanto kuma ya yi a tsakiya. Wa zai gaya wa baƙo ko rijiya tana kusa? Madugu. Ashe har lokacin sallarsa yana rataye da sanin wani.

Sa'an nan malamanmu sun wajabta wa mai rarar ruwa ko abinci ya ba wanda ya matsu, har suka ce in ya hana shi ya mutu, to akwai lamuni a kansa. Rijiyar da aka haƙa a daji domin shayarwa ba a hana rararta, kuma bayan mai ita, matafiyi ake fara gabatarwa, a ara masa guga da igiya in ba shi da su. Wanda guzurinsa ya yanke a hanya yana da rabo a zakka ko da mawadaci ne a garinsu, muddin tafiyarsa ba ta saɓo ba ce kuma bai sami mai ranta masa ba. Waɗannan ba nasihohi ne na kyautatawa kawai ba, haƙƙoƙi ne da alƙali yake hukunci da su.

A Kalala da kasuwar gari

Bayan kwanaki ido bai ga kore ba, sai tsaunin Kawar ya bayyana, dabino ya yi duhu a gindinsa. Ayari ba ya shiga cikin gari, yakan sauka ne a Kalala, wajen ramukan gishiri da ke gefen Bilma. Ramuka ne da aka haƙa da hannu, ruwan ƙasa yana tsattsafowa cikinsu ya narkar da gishiri, rana ta ƙone shi, wani ja, wani rawaya, wani kamar tsatsa. Idan ɓawon gishiri ya taru a sama, ma'aikaci yakan farfasa shi ya nutse, wani ya sake taruwa. A tsakiyar bazara ake wannan aiki, mutum tsaye cikin ruwan da ke cin duk wani rauni da ke ƙafarsa. Wanda ya gani da idonsa ba zai ƙara raina kuɗin gishiri ba. Tsantsar farin, na miya, shi ne beza. Wanda aka cuɗa da ƙasa mai gishiri aka zuba a cikin kututturen dabino da aka fafe, ya fito dogo mai tsini, shi ne kantu, nauyinsa kilo ashirin ko fiye, na dabbobi ne. Akwai kuma ƙananan curi masu faɗi da ake kira foshi.

A nan ma ɗalibi zai ga mas'alolinsa a fili. Ruwan da ɗanɗanonsa ya jirkita saboda ƙasar da yake kwance a kanta, kamar ƙasa mai gishiri, yana nan a kan tsarkinsa, ana alwala da shi. Gishiri kuma, muddin yana wurinsa ba a ɗebe shi ya zama haja a hannun mutane ba, ana taimama a kansa. Amma kantun da aka ɗaure za a kai Tanut ko Kano ya fita daga wannan hukunci. Allah Ya saka wa kasa ta Bilma da alheri, ruwan daɗi ma yana ɓuɓɓugowa a kusa, shi yake shayar da lambunan garin.

Cinikin asali a Bilma musaya ce. Gero ba ya yi a Kawar, saboda haka Buzu yana kawo geron da ya saya a Damargu da ƙasar Hausa, da busasshen nama, da cuku, da tufafi, ya karɓi gishiri da dabino. Daga nan ya koma Abzin, ya huta, ya gangara kudu da gishirin, raƙumansa su yi rani a gonakin Hausawa suna zuba taki, ya sayi gero da baƙin turkuɗin Kura, shekara ta zagayo. Mutum uku ke nan, Babarbare da Buzu da Bahaushe, harshe daban-daban, kowa abincinsa yana hannun ɗan'uwansa. Sai dai mai irin wannan ciniki ya kula: gero da dabino da gishiri duk abinci ne a hukunci, kuma musayar abinci da abinci dole ta kasance hannu da hannu. Fifiko ya halatta tunda jinsinsu daban, mudu nawa ne na gero a kan kantu ɗaya wannan yarjejeniyarsu ce, amma a ce ba ni kantu yau in kawo maka gero baɗi, wannan ya shiga riba ta jinkiri. Mafita tana da sauƙi, a yanke farashi da kuɗi, bashin ya zama na kuɗi.

Yawancin masu zuwa suna da wanda suka saba sauka wurinsa suna ciniki da shi, wani tun zamanin iyaye. Wannan shi ne fatoma a kasuwanninmu, kuma haka fataken Gadamus da Tarabulus suka zauna a Kano har aka sami unguwar Dandalin Turawa, a lokacin da Larabawa ake nufi da Turawa. Liyafar baƙo kwana uku ce a sunna, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. Mun fi son rabin farko na wannan hukunci, amma a garin da kowane mudun gero sai ya ƙetaro Tenere, rabin na biyu ne ya fi shafar mai ziyara. Ya zo da guzurinsa. Kada ya yi wanka da ruwan da aka ɗebo don sha. Kada ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton matan mutane da ma'aikatan rami ba da izininsu ba, kamar ya zo kallon namun daji. Kada kuma ya ga wata al'ada da ba irin ta garinsu ba ya hau wa'azi tun bai kwance jakarsa ba, ga mutanen da Musulunci ya iso ƙasarsu ƙarnoni kafin ya iso tamu.

Hanyar a zamanin mota

Abin da raƙumi yake yi a mako biyu, ƙaramar motar ɗaukar kaya tana yin sa a kwana biyu ko uku: daga Agadas zuwa Dirku, wadda ke kimanin kilomita 45 arewa da Bilma, sai Sigidin, sai Madama, sai Tummo, a shiga Gatrun da Sabha. Zinariyar da aka gano a Jado a 2014 ta ƙara yawan masu bin ta. A kan ɗora mutum ashirin da wani abu a bayan mota guda, kowa ya riƙe sanda a tsakanin ƙafafunsa kada ya faɗo, da jarkar ruwa da aka lissafa ta daidai kwanakin tafiya in komai ya tafi lafiya. A nan bambancin yake. Madugu yana tafiya a kan ƙafa ɗaya da mutanensa, ƙishirwarsu ƙishirwarsa ce, kuma in raƙumi ɗaya ya faɗi akwai saura. Mota kuwa in ta mutu, ta mutu da kowa.

A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga yankin Kance a jihar Damagaram. Hausawa ne, 'yan'uwanmu. A farkon watan Yunin 2017 mutum 44, 'yan Nijeriya da Gana, ciki har da jarirai, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku. Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri. A 2015 hukumar Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, abin da ya sa direbobi da yawa suka riƙa kauce wa sanannun rijiyoyi don gudun jami'an tsaro, suna bin inda ko an yi kuka ba mai ji. An soke dokar a watan Nuwamban 2023, amma soke doka bai ƙara rijiya ko ɗaya a Tenere ba.

Ba mu ce neman halal a ƙasar wani haramun ne ba. Kakanninmu fatake ne, kuma talauci ba abin wasa ba ne. Abin da muke cewa shi ne, kalmar tawakkali ta zama mayafin da ake rufe ganganci da shi. Labarin Balaraben da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da ɗaure taguwarsa sananne ne ga kowane ɗalibi, kuma Buzun da ya yi wata guda yana yankan ciyawa ya fi mu aiki da shi. Direban da ya karɓi kuɗin mutum ya ɗauki amanar ransa. In ya sauke fasinja a daji ya ce zai je ya dawo alhali ya san ba zai dawo ba, ko ya wuce motar da ta lalace yana da rarar ruwa, hukuncin da muka ambata a sama yana kansa, ko kotun duniya ba ta gan shi ba. Dillalin da ke zaune a Kano ko Damagaram yana tara yara yana ce musu tafiyar kwana biyu ce kawai, shi ma yana da kaso.

Saboda haka muna roƙon limamai da malaman zaure, idan aka zo babin tafiya, kada a tsaya a kan mil 48. Wanda ya zo neman addu'a zai tafi arewa, a yi masa addu'ar, sa'an nan a zaunar da shi a tambaye shi: iyayenka sun yarda? Takardunka fa? Wa zai ja motar, sau nawa ya taɓa bin hanyar, kuma wa ya san shi? Motoci nawa za ku tashi tare, da rakiyar hukuma ko a ɓoye? Lita nawa ta ruwa ka tanada, in motar ta kwana huɗu a tsaye za ta kai ka? Wa zai sauke ka a Dirku, wa zai karɓe ka a Sabha? In ya kasa amsawa, a gaya masa inda Uƙba ɗan Nafi'u ya tsaya da abin da ya mayar da shi.